Haɗa kuɗi don sarin kaya: yadda za ku tsara

'Yar'uwa, kin ce ku biyar ne masu ƙananan sana'o'i, kuna so ku haɗa kuɗi ku riƙa saro kaya tare don samun rangwame, kina neman tsarin da zai hana saɓani.

Kafin kowacce ta fitar da kuɗi, ku rubuta yarjejeniya: abin da za ta zuba, ranar rufe biya, da hukuncin wadda ta makara. Rabo ya bi gwargwadon zubi. Wadda ta sa kashi 30 cikin ɗari ta ɗauki kashi 30 na kayan, ta kuma biya kashi 30 na kuɗin mota da dako. A nan rigima ta fi tashi, domin ana lissafa farashin sari a manta da kuɗin hanya, sai wadda ta je sayayya ta cika daga aljihunta, ta yi shiru tana ƙullatar sauran.

Mai riƙe kuɗi daban, mai sayayya daban, kuma hoton rasit ya shiga rukuninku na WhatsApp a ranar. A buɗe kaya a gaban aƙalla mutum uku. Lalataccen da aka samu a raba asararsa ga kowa, kada a bar wa wadda ya faɗo a kasonta.

In kayanku iri ɗaya ne, ku amince kan mafi ƙarancin farashi, kada wata ta karya ta bar sauran da kwantai. Ku gwada da sari biyu ƙanana kafin ku ƙara jari.