Amsa ga mai tambayar tsiron nan mai gashi na dutsen Kilimanjaro

Malam ka ce ka ɗauki hoton ne a wajen Shira, wani fili a can saman dutsen, tsiro gajere da bai wuce gwiwa ba, fari fat kamar an barbaɗa mai toka, ganyen duk gashi kamar auduga, kana tambayar ko ƙaramin bishiyar nan ce mai kai kamar kabeji. A'a ba ita ba ce gaskiya. Waccan Dendrosenecio ce, ta fi mutum tsayi nesa, busasshen ganyenta baya zubewa yana nan lulluɓe da gangar jikinta kamar bargo, kuma sai ka gangara kwarin Barranco zaka gansu da yawa.

Naka Helichrysum ne, na fi zaton wanda ake kira newii, sunan wani ɗan mishan Charles New da ya kai bakin ƙanƙarar dutsen a 1871. Amma fa zato na ce, don hotonka ganye ne zalla babu fure, kuma nan ne nima na taɓa shan kunya. Lokacin da na bi hanyar Machame, ɗaya daga hanyoyin hawa dutsen, na ɗauki hoton ganye na sa a manhajar waya ta bani wani suna, ina ta baza ilimi a tanti, sai wani dattijo cikin masu ɗaukar mana kaya ya tashi ya kaini gindin tsiron ya ce in taɓa furen. Wallahi kamar takarda, har ƙara yake ƙaras ƙaras, fari da ɗan rawaya a tsakiya, ko ya bushe baya yaushi. In ka kai ido kusa zaka ga rawayan nan ba fure ɗaya ba ne, ƙanana ne birjik a cunkushe, haka duk danginsu suke, har shuwakarmu in ta yi fure ka duba.

Gashin kuma ba ado ba ne, wajen ya kai mita 3,800, da rana zafi ya ƙona ka da dare raɓa ta daskare, gashin ke tare wa tsiron sanyi da iskar da ke busar da ganye.

Akwai wasu tsirran masu kama da shi da ke ruɗa mutum a wajen. In ganyen a tsattsage yake ka murza ka ji ƙamshi irin na tazargade to Artemisia ce. In furen ja-ja ne ko ruwan hoda ka duba wani nau'in Helichrysum ɗin da ake kira meyeri-johannis.

Ka leƙa sauran hotunanka ko akwai wanda fure ya fito, da bayan ganyen in da hali, ka turo mu gani. In ka sake komawa dai kar ka tsinko, gandun gwamnati ne an hana.