Me za mu kira abin da mai manhaja ya ɓoye a cikinta?

Tambaya: Malam, ɗana ya nuna mini cewa idan intanet ta yanke a Chrome, manhajar shiga intanet ta Google, aka taɓa hoton dabbar nan da ke bayyana, sai wasa ya fara. Ya ce sunan irin wannan "ƙwan Ista". Yana da suna da Hausa? Ni dai zaurance na kira shi.

Amsa: Hajiya, sunan ya samo asali ne daga al'adar Turawa ta ɓoye wa yara ƙwai lokacin bikin Ista su yi ta nema. A kamfanin Atari na Amurka ya shiga harkar kwamfuta. A lokacin kamfanin ba ya rubuta sunan waɗanda suka tsara masa wasanni, sai Warren Robinett ya gina wani ɗaki na sirri a wasan Adventure, wanda ya fito wajen 1980, ya rubuta sunansa a ciki. Sai da ya bar aikin aka gano.

"Ƙwan Ista" ba ya gaya wa Bahaushe komai, ba na goyon bayansa. Zaurance ma bai dace ba, domin shi jirkita magana ne a gaban mai sauraro don kada ya gane. Nan kuwa so ake a gano.

Abin da Robinett ya yi ya fi kusa da ramzi. Malamanmu marubuta waƙoƙin ajami, irin su Nana Asma'u, sukan rufe waƙa da wata kalma wadda kowane harafinta ke da adadi. Wanda ya san hisabi ya tara, sai shekarar Hijira da aka yi waƙar ta fito. Wanda bai sani ba ya rera ya wuce. Ina takaicin yadda wannan kalma ke neman ɓacewa a bakin matasa, ga shi kuwa ta sami wurin zama. Saƙo ko suna da aka binne a manhaja, a kira shi ramzi.

Wasan da ɗanki ya nuna miki kuwa, wanda Google ya saka a 2014, ba saƙo ba ne, ƙari ne a kan abin da kika nema, kamar yadda mai awo ke ƙara miki gyara. Ni zan ce masa ɓoyayyar gyara.

Tambaya: Ko "tsintuwa" za ta yi?

Amsa: A'a. Tsintuwa abin da ya faɗi ne ba da sanin mai shi ba, shi ya sa ake cigiyarta. Wannan da gangan aka ajiye shi.