Ga 'yar'uwar da ake yi wa ba'a a Jidda

Salama gare ki ƙanwata. Kin ce ba ki daɗe da zuwa Jidda aiki ba, kuma duk sanda kika sunkuyar da kai za ki yi addu'ar cin abinci sai a kwashe da dariya, wani ya ce "Bahaushiya kuma Kirista, a ina aka taɓa yi?" har gwiwarki ta fara sanyi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Dammam, a gabashin Saudiyya, na daɗe a ƙasar nan, bari in faɗa miki abin da na gani.

Yawancin masu wannan magana ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Bahaushen da aka haifa a Makka ko Jidda, wanda kakanninsa suka zo a ƙafa ta Sudan, bai taɓa jin sunan Wusasa ba. Ki gaya masa cewa a can kusa da Zariya akwai majami'ar St. Bartholomew tun 1929, a garin Janar Gowon ya tashi, kuma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Ki faɗa sau ɗaya, da fara'a, ki ci gaba da cin abincinki. Wata Hajiya da ta fi kowa tsokanata a da, yanzu duk azumi sai ta ajiye mini sambusa da dabino daga kayan buɗa-bakinta.

Amma akwai mai neman ki da rigima, shi kam kada ki biye masa ko kaɗan. Nan ba Jos ba ne. Wa'azin wani addini laifi ne a dokar ƙasar, maganar da aka ɗauka ɓatanci ce kuma tana iya kai mutum kurkuku ko a kore shi, ga iƙamarki, wato takardar izinin zamanki, tana rataye da kafili, wanda ya ɗauke ki aiki. Kada ki yi muhawarar addini a wurin aiki, balle ki tura saƙon murya a WhatsApp kina cikin fushi. Wannan ba tsoro ba ne. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu amsa wa wanda ya tambaye mu, da tawali'u. Hirudus kuwa da ya yi ta jero tambayoyi don nishaɗi, Yesu bai ce masa uffan ba, ki duba Luka 23.

Abin da na fi so ki ji shi ne, a cikin waɗanda na ga sun yi sanyi a nan, ba ba'a ce ta karya su ba, kaɗaici ne. A gida ranar Lahadi kina da sujada, Talata zumuntar mata, ga ganga ga mawaƙa. A nan babu majami'a ko ɗaya, Lahadi ranar aiki ce, hutu Juma'a da Asabar. Sai wata ya wuce ba ki ji an rera waƙar yabo ba, lokacin ne ƙaramar magana ke shiga har ƙashi. Garwashin da aka ware shi kaɗai, ko ba a zuba masa ruwa ba mutuwa zai yi. Ki nemi mutum biyu ko uku, ba dole sai 'yan Najeriya ba. 'Yan Filifin da Indiyawan Kerala suna cike da asibitocin nan, Kiristoci da yawa a cikinsu. Mu safiyar Juma'a muke haɗuwa a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, babu kiɗa, babu ɗaukar hoto a sa a Facebook. Mu na gabas mukan haye gadar Sarki Fahad zuwa Bahrain, inda majami'u suke a fili, ke kam tazarar ta yi yawa, sai ki riƙe sujadar cocinku ta intanet.

Ki karanta Zabura 42, mutumin da ake ce wa "Ina Allahnka?" dare da rana. Sai Nehemiya 4, inda Tobiya ya ce ko dila ya hau garun zai rushe, suka yi addu'a suka ci gaba da gini. Kada kuma wani ya sa ki ji kamar ke ce ta farko a ƙasar nan: a Najran an kashe Kiristoci saboda bangaskiyarsu wajen shekara ta 523, malaman tafsiri da dama ma suna danganta labarin da Suratul Buruj.

In kuwa abin ya wuce dariya ya kai ga barazana, ko riƙe albashi, ko ƙwace fasfo, wannan ba na haƙuri ba ne. Ki rubuta rana da abin da aka faɗa, ki kai wa shugabannin wurin aikinki, in ba su ji ba akwai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda.