Takunkumin Sudan ya hana mu aika wa 'yan gudun hijira taimako?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙaramar ƙungiya muke da ita, mun tara gudummawa don 'yan gudun hijirar Darfur. Sai wani ya ce mana an ƙaƙaba wa Sudan takunkumi saboda kashe-kashen da ake yi, wai duk wanda ya aika kuɗi can za a sa sunansa cikin masu laifi a rufe masa asusu. Banki ma ya riƙe kuɗin yana ta yi mana tambayoyi. Wallahi hankalinmu a tashe yake, don amanar jama'a ce a hannunmu. Gaskiya ne? Kuma in takunkumi talaka yake hana wa abinci, mene ne amfaninsa?

Amsa: Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa, ku kwantar da hankalinku. Ciyar da mai jin yunwa ba ya sa mutum cikin jerin takunkumi. Wanda ya faɗa muku haka ya tsinci maganar ne a hanya, kuma kusan kullum sai na ci karo da irinta.

Mutane suna ɗauka takunkumi abu ɗaya ne, ƙofa ce da ake rufewa a kan ƙasa baki ɗaya. An taɓa yin haka, ba musu. A watan Agustan 1990 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya toshe kusan duk wata huldar ciniki da Iraƙi. Saddam bai rame ba, asibitoci ne suka rasa magani. An bar jaki ana dukan taiki, har manyan jami'an agaji na Majalisar biyu, Denis Halliday a 1998 da Hans von Sponeck a 2000, suka ajiye aiki don ba za su iya ci gaba da gani ba. Wannan abin kunyar ne ya sa aka koma takunkumi mai suna: wane ɗan wane, ko kamfani kaza, a rufe masa asusu, a hana shi tafiya, a hana sayar masa da makami.

Na Sudan galibi irin wannan ne. Takunkumin makamai da Kwamitin Sulhu ya sa tun 2004, ya faɗaɗa a 2005, yankin Darfur ya shafa, kuma bindiga da harsashi yake nufi. Babban takunkumin cinikin da Amurka ta sa a 1997 an ɗage shi a 2017, amma har yau akwai masu sharhi a Facebook da labarin bai iske su ba. Bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin sojojin Sudan da dakarun sa-kai na RSF a 15 ga Afrilun 2023, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai sun riƙa sa sunayen kwamandoji da kamfanonin ɓangarorin biyu. A watan Janairun 2025 Amurka ta sa shugaban RSF, Mohamed Hamdan Dagalo da aka fi sani da Hemedti, bayan ta ce dakarunsa sun aikata kisan ƙare-dangi, kwanaki kaɗan ta bi da shugaban soja Abdel Fattah al-Burhan. A cikin wannan duka ina aka ambaci buhun gero? Babu. Ma'aikatar kuɗin Amurka ma ta fitar da izini na gama-gari kan abinci da magani da aikin agaji, kuma a watan Disambar 2022 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664 da ya keɓe aikin jin-ƙai daga matakan rufe asusu na Majalisar.

Abin da ya sa nake ɗaga murya a kan wannan jita-jita shi ne tana kashe mutane. Mai niyyar taimako ya ji tsoro ya mayar da kuɗinsa aljihu. Dillalan ƙarya su samu kasuwa, su ce suna da “hanya” ta bayan fage, a ba su kamasho, alhali ta irin wannan hanyar ce kuɗi ke iya faɗawa hannun wanda aka sa wa takunkumin, wato laifin da kuke gudu. Masu yaƙin kuma su samu mafaka, duk yaron da ya mutu a ce takunkumin Turawa ne. Yunwar da aka tabbatar a sansanin Zamzam da ke Darfur a watan Agustan 2024 ba daga hedikwatar Majalisar a New York ta taso ba. Mayaƙa ne suka wawashe rumbunan agaji, suka tare motoci, suka kori manoma daga gonakinsu, gwamnatin soja kuma ta rufe mashigar Adre ta kan iyakar Chadi na tsawon watanni.

Bankuna ma ba zan ƙyale su ba. Na san daga ina tsoronsu ya fito: a 2014 Amurka ta ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 kan karya takunkumin Sudan da Iran da Kuba. Tun daga nan, jami'in banki da ya ga kalmar Sudan a takarda sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya tura fayil sama, na sama ya tura gaba, kowa yana kare kujerarsa. Da wuya ƙin aika kuɗin ya jawo wa ma'aikaci kora, don haka ƙin ya fi masa sauƙi. Doka ba ta ce ya yi haka ba. Lalaci ne aka sa wa rigar taka-tsantsan.

Maganar amfani kuwa, kada ku ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Takunkumi ba kotu ba ne, ba ya ɗaure kowa, kuma shi kaɗai ba ya tsayar da yaƙi. Ya fi cizo inda ya taɓa aljihu, kamar hana sayen lu'ulu'un 'yan tawayen UNITA a Angola a 1998, da katakon Laberiya a 2003. A Sudan zinare yana ci gaba da fita, makamai suna ci gaba da shiga. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na taimaka wa RSF ta Chadi yana da tushe, ita kuma ta musanta. A Siriya kuwa kujerar na-ƙi ta Rasha da China ta hana Kwamitin sa wa gwamnatin Assad takunkumi gaba ɗaya.

Ku koma bankin da takardunku: rajistar ƙungiya, inda kuɗin ya fito, cikakken sunan mai karɓa, da abin da za a saya. Ku nemi su ba ku dalilin riƙe kuɗin a rubuce, sau da yawa wannan buƙatar kaɗai tana sa fayil ya motsa. Jerin sunayen Majalisar Ɗinkin Duniya da na Amurka suna intanet kyauta, ku duba da kanku, kada ku biya kowa ko sisi don ya duba muku. Kariyar ƙuduri na 2664 ta fi rufe hukumomin Majalisar da ƙungiyoyin da ke aiki da su, saboda haka ƙaramar ƙungiya irin taku ta bi ta hannun hukumar abinci ta duniya, ko ta 'yan gudun hijira, ko Red Cross, waɗanda dama suna aiki a sansanonin gabashin Chadi. Wanda ya kawo muku jita-jitar kuma, ku nemi ya nuna muku lambar ƙudurin da ya haramta abinci.