Wane ne ya fi kowa buga wa ƙasarsa wasa a zari-ruga?

Malam, ka tambayi wanda ya fi kowa buga wasan ƙasa da ƙasa a zari-ruga cikin maza. Alun Wyn Jones ne, ɗan Wales, haifaffen Swansea a 1985. Ya buga wa Wales wasa 158, ya ƙara 12 da tawagar Lions ta Birtaniya da Ireland, jimilla 170.

Ɗan gaba ne, cikin dogayen da ake cicciɓawa sama su cafe ƙwallo in an jefo daga gefe, kuma su ne ke turi da kafaɗa in an yi cincirindo. Aiki ne mai cin jiki ƙwarai, amma ya jure daga 2006 har 2023.

Abin da ni ba na mantawa shi ne 2021. Yana kyaftin ɗin Lions, kafaɗarsa ta goce a wasa da Japan tun mintunan farko, ya fita fili yana riƙe da hannu. Kowa ya ce shi ke nan. Ba a yi wata guda ba sai ga shi a Afirka ta Kudu, ya jagoranci Lions a duka manyan wasanni ukun da suka buga da tawagar ƙasar.

A Toulon ta Faransa ya yi ritaya.