Tambaya da Amsa: In zuba wa wakena fiya-fiya ko in sayar tun da kaka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga wani ƙauye a yankin Gumel. Bana Allah ya ba ni wake buhu shida, ina so in ajiye sai ya yi daraja, amma bara ƙwaro ya mayar min da buhu biyu gari. Mai sayar da maganin feshi a kasuwarmu ya ce in yayyafa fiya-fiya ko in jefa ƙwayar nan ta kashe ƙwari da ake kira bam a kowane buhu, wai in an wanke an dafa shikenan. Ni dai hankalina bai kwanta ba don a ɗakin da yara suke kwana nake jibge buhunan. Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, in har ka riga ka saka ƙwayar nan to ka fitar da buhunan daga ɗakin yaran yau ɗin nan, kar su sake kwana tare. Ƙwayar da zarar ta sha raɓa ko danshin iska sai ta fara fitar da iskar guba da ake kira fosfin, buhun saƙa ba ya riƙe ta, kuma har yau ba ta da makari a asibiti. An yi ta ne don sito rufaffe a hannun wanda aka koya wa aikin.

Sai maganar an wanke an dafa, wadda wallahi na gaji da jin ta, kusan kullum sai wani ya faɗa min ita da ƙarfin gwiwa. Fiya-fiya sinadarin da ke cikinta sunansa dichlorvos, shi ne dai a cikin Sniper, jijiyoyi yake kamawa, na ƙwaro da na mutum duk ɗaya ne a wajensa. Wanki da dahuwa suna ragewa, eh, amma rage nawa daga cikin nawa? Shi wanda ya zuba da murfin kwalba ya auna, wani ma ba ya aunawa, bulbulawa kawai yake yi, in waken ya isa hannun dillali shi ma ya ƙara nasa don bai san ka saka ba, mai rumfa ya sake ƙarawa, sai a kai wa mai ƙosai ko mai alale da take jiƙawa ta surfa ta niƙa da asuba, 'yan makaranta su saya. Waye a duk layin nan ya san adadin da ya taru? In abin ya tashi za ka ga amai da zawo, gumi, yawu na dalala, numfashi na sarƙewa, sai a ce ai sammu ne ko iska. Mai tebur ɗin da ya ba ka shawara ko takardar jikin kwalbar bai taɓa karantawa ba, shi dai a saya.

Abin da ya fi ɓata min rai ma shi ne masu cewa na ci daban na kasuwa daban. Su ware na gida su sa masa toka, wanda za a kai kasuwar Gujungu ko Maigatari ko Dawanau su yi masa wanka da guba. To wanda zai ci ɗan waye? Wannan algus ne, kuma mu ma ya dawo kanmu, tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da karɓar busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadarin da aka riƙa samu ya wuce ƙima. NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni tun 2019, amma dai ka zaga ranar kasuwa ka gane wa idonka.

Ajiyar kuwa kana da gaskiya, kar ka zubar da wake da kaka lokacin da kowa ya fito da nasa. Abin da za ka sani shi ne ƙwaron tun daga gona yake biyo ka, kuma cikin sati uku zuwa huɗu ya hayayyafa sabo, shi ya sa buhu yake lalacewa alhali a ɗinke yake. Amma yana buƙatar iska. Ka hana shi iska ka gama da shi.

Ka nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi kuma ya daɗe da shigowa arewa. Ka shanya waken ya bushe ƙarau har in ka ciza ya ce ƙas, ka sheƙe, ka bari ya huce. Ka duba ledojin babu huji, ka zuba, ka matse iskar, ka murɗe bakin ledar farko ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne ɗaurinsa daban. Ka ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma dan Allah kar ka riƙa buɗewa kana leƙawa. In bai huje ba za ka sake amfani da shi baɗi. A yi hattara da jabu, ledar sirara ce, gara ka bi ta hannun malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Jigawa, ko ku haɗa kuɗi ku 'yan ƙungiya ku saro tare.

In kuɗin buhu shida ya yi maka yawa, jarka mai lita 25 da aka wanke ta bushe tana yin aikin, ko duro mai murfi, sharaɗin dai a cika har wuya a toshe sosai, kuma ba wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi ba. Na iri kuma tunda ba shi da yawa, tokar nan ta iyayenmu ta isa, a tankaɗe ta, kwano ɗaya na toka kwano ɗaya na wake, a cikin tulu a rufe saman da toka.

Wanda ka riga ka yayyafa wa fiya-fiya, in akwai, kar ka gauraya shi da sauran kuma kar ka kai kasuwa, ka ware shi ka yi masa alama ka bar shi na shuka.