Ba na ganin hasken leza da tabarau, in ɗaga shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibar digiri na biyu ce. Madubi ɗaya a teburin lezarmu ta Nd:YAG ya ƙone, an ce in canza shi in sake saita hasken. To amma idan na sa tabarau na kare ido ba na ganin koren hasken ko kaɗan. Wani da ya riga ni zuwa ɗakin ya ce kowa ɗaga tabarau yake yi, wai in an rage ƙarfi ba komai. Gaskiya tsoro nake ji.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, tsoron nan naki a kan hanya yake.

Canza madubin ba shi ne abin damuwa ba. Ki kafa iris biyu, wato faifai masu ɗan rami a tsakiya da haske ke bi, a kan tsohuwar hanyar hasken, nesa da juna, don ki san inda za ki dawo da shi. Ki kashe lezar, ki zare makullin ki sa a aljihu. Ki sa safar hannu, ki riƙe madubin ta gefe, ki tabbatar rufin da aka shafa a fuskarsa na tsawon zangon hasken da kike aiki da shi ne. Akwatin wutar kuwa kada ki buɗe, kafasitocinsa na riƙe caji bayan an kashe.

Maganar ɗaga tabarau ita ce ke ɓata mini rai, don kullum sai na ji ta. Mutane sun ɗauka ido shi ne ma'aunin ƙarfin leza, abin da bai haska ba ba ya cutarwa. Lezarki asalinta haske mai tsawon zango nanomita 1064 take fitarwa, koren 532 kuwa raba tsawon zangon gida biyu aka yi. Ragowar 1064 ɗin na iya biyo koren, ido ba ya ganinsa, amma yana ratsawa har tantanin gani, kamar duk hasken da ke tsakanin 400 da 1400. Idon da kansa zai tattara shi, ya ninka zafinsa kusan sau 100,000 a wuri ɗaya. Wai za ki ƙifta? Ƙiftawa na cin kusan rubu'in daƙiƙa, harbin lezar nan kuwa 'yan nanodaƙiƙa ne. Kuma wa ke ƙifta wa abin da bai gani ba?

"An rage ƙarfi" ma ba hujja ba ce. Gilashi marar rufi na mayar da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace fuska, kuma wannan ɗan ragowar daga leza mai aji 4, wato ajin da ya fi haɗari, ya isa ya nakasa ido. A 2004 a ɗakin binciken Los Alamos na Amurka, ɗaliba ta ji rauni a ido da Nd:YAG da aka zaci ba ta harbawa, babu tabarau a fuskarta. A ɗakin da ya tara manyan masana ke nan, balle inda ake koyi da "haka muka tarar ana yi".

Tabarau da ya ɓoye miki koren aikinsa yake yi. Ki duba lambar OD a jikinsa, wato ma'aunin yadda yake tare haske, ki ga ta rufe 532 da 1064 duka. Baƙin gilashin masu walda da wanda ake tallatawa a intanet babu lamba, duk tarkace ne. Idan ofis ya ce takardar sayen na kirki tana kan tebur, to aikin ma ya jira a kan tebur.

Ganin hasken kuwa, da katin da ke haskawa inda lezar ta sauka a kansa, ko kyamara, ake yi. Mafi kyau ki fara da ƙaramar lezar saiti, irin HeNe mai jan haske na nanomita 632.8, ki bi madubi ɗaya bayan ɗaya, kina tare hasken bayan kowanne. Ki cire agogo da zobe da awarwaro, ki kama mayafinki da kyau, kada ki sunkuya idonki ya zo daidai da tsayin hasken. Kuma a samu mai kula da ɗakin yana tsaye a wurin kafin ki mayar da makullin.